Kafin a Ɗaga Bulala, a Tambayi Yaro: Jawabi ga Iyaye da 'Yan Kasuwa kan Lafiyar Tunanin Ɗalibai



Iyayena maza da mata, Alhazai da Hajiyoyi, malaman makarantun boko da na allo, da baƙinmu da suka tsallako daga Yola da Mubi da Belel, ina yi muku barka da zuwa. Na san kowannenku ya bar rumfa ko teburi a hannun wani kafin ya taho, saboda haka ba zan tsaya dogon gabatarwa ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Garwa, kuma zan fara da kuskuren da ni da kaina na yi, don kada wani ya ɗauka na zo ne in ga laifinsa.

Wata rana cikin watan Maris, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, wani Alhaji mai sayar da hatsi ya kawo mini ɗan ƙanwarsa, yaro ɗan shekara 13, yana kukan ciwon kai da ciwon ciki. Na yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, gwajin bai nuna komai ba, na ba shi farasitamol na sallame su. Bayan mako biyu suka dawo, na sake yin yadda na yi da farko. A zuwa na uku, tun daga bakin ƙofa Alhajin ya ce mini, "Likita, yaron nan lafiyarsa ƙalau, lalaci ne kawai. Kullum malaminsa sai ya zane shi saboda barci a aji, ni ma na zane shi a gida, amma a banza."

Ran nan na roƙi Alhaji ya ɗan jira mu a waje. Na ce wa yaron, "Ɗana, yaya barcinka da dare?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce ba ya barci. Da kaɗan-kaɗan labarin ya fito. Daga wani ƙauye na wajen Kolofata aka kawo shi shekara uku da suka wuce, bayan an kai musu hari cikin dare, kuma tun daga wannan dare bai sake ganin mahaifinsa ba. Duk lokacin da babur ya yi ƙara bayan an kwanta, sai ya tashi zaune yana jiran a fasa ƙofa, har gari ya waye. Shekara uku yana cin tuwo a gidan da ake ƙaunarsa, yana zuwa makaranta, ya kuma zo gabana sau biyu, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Abin da ake nufi da lafiyar tunani

Da an ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa, hankalin mutane yakan tafi ga mai taɓin hankali da ke yawo a bakin kasuwa cikin tsummoki. Wannan ɓangare ne ƙarami na al'amarin. Kamar yadda ciwon jiki ya kama daga mura har zuwa wanda ke kwantar da mutum a asibiti, haka ciwon tunani yake hawa-hawa. Wanda ya fi yawa tsakanin yara shi ne damuwa mai daɗewa, da ƙuncin rai, da fargaba, da razanar da ke biyo bayan ganin tashin hankali. Yawancinsu suna warkewa idan an gane su da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta tunani, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne tun yaro yana ɗan shekara 14 ko ƙasa da haka. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya. Idan muka auna shi a kan aji mai ɗalibai 70, irin wanda muka saba gani a makarantunmu, yara goma ke nan a gaban malami guda.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru ba su da yawa, kuma akasarinsu suna Yawunde da Duwala. Wanda zai kai ɗansa can daga Garwa sai ya bi mota zuwa Ngaundere, ya kwana cikin jirgin ƙasa, ban da kuɗin masauki da na magani. Idan muka ce za mu jira sai an kawo ƙwararre kowace makaranta, yaran da ke aji yau za su girma su gama ba a zo ba. Abin da ke hannunmu shi ne manyan da yaro ke gani kullum: malami, uwa, uba, kaka, maigidansa a kasuwa. Maganata a yau ita ce, kowane yaro yana bukatar babba guda ɗaya da zai lura da shi, ya saurare shi, ya kuma san inda zai kai shi idan abin ya fi ƙarfinsa. Wannan ba ya bukatar ko sefa ɗaya.

Kayan da yaranmu ke ɗauke da shi

Tun daga 2014 hare-haren Boko Haram suka tayar da ƙauyuka masu yawa a wajen Mora da Kolofata da Fotokol da duwatsun Mokolo, aka rufe makarantu a bakin iyaka. Sansanin Minawawo, wanda aka buɗe a 2013, yana ɗauke da dubun dubatar 'yan'uwanmu daga Najeriya, kuma akwai yaran da a can aka haife su. A 2021 rikici tsakanin makiyaya da masunta da manoma ya ɓarke a Logone-Birni har ya kai Kusuri, jama'a da yawa suka tsallaka Cadi. Manyanmu ba su manta ambaliyar Binuwai ta 2012 ba, sa'an nan a 2024 ruwa ya ci gidaje da makarantu a Yagwa da Maga da Kusuri daidai lokacin komawa karatu. Da yawa daga cikin yaran da waɗannan masifu suka raba da gidajensu yanzu suna hannun dangi a Garwa da Gider da Pitowa, suna zaune a benci ɗaya da 'ya'yanmu.

Ko yaron da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba yana da nasa kayan. Akwai mai fita makaranta ba tare da ya sa komai a cikinsa ba. Akwai yarinyar da ke dawowa daga talla bayan isha'i, ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa. Tun shekarar 2000 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, amma kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, yana nan, domin da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka. Idan uba bai biya ba, yaro ne ake kiran sunansa a gaban aji a kore shi, ya ɗauki kunyar bashin da ba shi ya ci ba. Ga kuma harshe: yaro ya tashi da Fulatanci ko Hausa ko harshen ƙauyensu, ran da ya shiga aji sai ya ji Faransanci zalla, idan ya kasa amsawa a kira shi daƙiƙi. Idan watan Mayu da Yuni suka matso, fargabar CEP da BEPC da Probatoire da Bak ta hau kansa, alhali ya san abin da aka sayar kafin a biya masa kuɗin jarrabawa. 'Ya mace kuma tana da ƙarin nata: jinin al'ada a makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa, da mazan da ke tare ta a hanya, da maganar aure da ake yi a kanta ba a tambaye ta ba.

Wani lokaci ciwon jiki ne ke fitowa da kamar lalaci. Tsargiya da tsutsar ciki da ƙarancin jini suna sa kasala da rashin natsuwa. Yaron da idonsa ba ya hangen allo, ko kunnensa ba ya ji sosai, zai yi ta faɗuwa jarrabawa ko da yana da basira. Saboda haka muke so a fara kawo mana yaro mu duba jikinsa kafin a yanke masa hukunci.

Yadda za ku gane

Yaro ba kasafai yake cewa "ina cikin damuwa" ba. Jikinsa da halinsa ne ke faɗa. Babbar alama ita ce canji: yaron da kuka sani ya zama wani daban, kuma abin ya wuce mako biyu. Mai surutu ya koma shiru. Mai haƙuri ya koma faɗa da kowa. Mai son ƙwallo ya daina fita. Makinsa ya faɗi farat ɗaya. Ba ya barci, ko yana firgita cikin dare, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da dainawa. Ba ya cin abinci. Yana yawan kukan ciwon kai ko ciwon ciki da safiyar ranar makaranta, a auna a rasa ciwo. Yana fita da kayan makaranta amma ba ya isa aji.

Ciwon kan da damuwa ke kawowa ciwo ne na gaske, yaron ba ƙarya yake yi ba. Duka kuma ba ya fitar da tsoro daga zuciya, sai dai ya koya wa yaro ɓoye shi.

Sumar ɗalibai a makaranta

Mun sha ji, wasunmu ma sun gani, yadda ɗaliba ɗaya za ta faɗi a aji tana ihu, kafin a ankara goma ko ashirin sun bi ta. Nan take gari zai ɗauka cewa aljanu sun shiga makaranta. Ban zo in yi jayayya da abin da kowa ya yi imani da shi ba, kuma babu mai hana addu'a. Abin da aikina ya nuna mini shi ne, irin wannan ya fi faruwa a lokacin zafi da gab da jarrabawa, a aji mai cunkoso, tsakanin yaran da ke da yunwa da gajiya da abin da suka kasa faɗa. Tsoro yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta ido da kunne, kuma an ga irin haka a makarantun ƙasashe da yawa na duniya.

Idan ya faru, a fitar da wadda ta faɗi zuwa inuwa, a nisanta ta da sauran, mace babba guda ta zauna da ita tana yi mata magana a hankali. A hana taruwa a kanta, a hana ɗaukar hotonta da waya. Kada a doke ta, kada a tura mata hayaƙin turare ko barkono a hanci. Bayan ta farfaɗo a kawo ta asibiti, domin a cikin masu faɗuwa akan samu mai zazzaɓi, da mai ƙarancin jini, da mai farfaɗiya. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne mai magani, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, kuma yaron da ke shan maganinsa a kan kari yana iya karatu kamar kowa. Idan ta tashi, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, a garzaya da shi asibiti.

Tiramol

Babu wanda ke zaune a arewacin Kamaru da bai san tiramol ba. Maganin ciwo ne mai ƙarfi da ya kamata likita kaɗai ya rubuta, amma ya zama kamar goro a teburan bakin hanya. Yawansa ya kai har masu bincike suka tarar da shi a cikin saiwar tafashiya a yankin Arewa mai Nisa, daga baya a 2014 aka gano cewa ta fitsari da kashin shanun da ake ba ƙwayar don su jure noma ya shiga ƙasa. Ɗalibi yakan fara shan ta ne don ya jure aiki bayan makaranta, ko ya kwana yana karatu, ko ya manta abin da ke damunsa. Tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, idan ta yi yawa kuma tana tsayar da numfashi. Wanda ya saba da ita, idan ya daina farat ɗaya jikinsa yakan yi ciwo ƙwarai, shi ya sa ake rage masa a hankali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Korar irin wannan yaro daga gida miƙa shi ne ga masu sayar masa.

Abin da makaranta za ta iya ba tare da kuɗi ba

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagorar taimakon farko ga wanda hankalinsa ya tashi, wadda aka gina a kan abu uku: a duba, a saurara, a haɗa shi da mai taimako. Malamin da ba shi da littafi isasshe ma yana iya waɗannan. Ga yadda za a aiwatar da su, kuma ku iyaye kuna da ikon neman a yi haka a taron APEE.

Na farko, littafin kiran suna ya zama abin lura. Yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a aika gidansu a ji dalili tun abin bai yi nisa ba.

Na biyu, kowace makaranta ta keɓe malami namiji guda da mace guda da ɗalibai suka san za su iya zuwa wurinsu, a wurin da ake ganinsu amma ba a jin maganarsu. A makarantun sakandare akan samu jami'in ba ɗalibai shawara. Ku tambaya ko akwai shi a makarantar 'ya'yanku, ku je ku san shi. Sharaɗin wannan aiki shi ne riƙe sirri. Ran da maganar yaro ta zama hirar ɗakin malamai, babu wanda zai sake zuwa.

Na uku, maganar kuɗi ta tsaya tsakanin manya. A aika wa uba takarda ko a kira shi, a yarda masa ya biya kaɗan-kaɗan, kada a karanta sunan yaro a gaban tsaransa.

Na huɗu, a ajiye bulala. Dokar ilimi ta ƙasar nan ta 14 ga Afrilu 1998, a sashe na 35, ta haramta dukan ɗalibi da duk wani nau'in cin zarafi da nuna bambanci, ta kuma haramta sayar da giya da taba da ƙwaya a makaranta. Na san malamin da ke riƙe da yara 80 shi kaɗai, wani lokaci albashinsa ma bai zo ba, yana cikin matsi, kuma shi ma yana bukatar a tausaya masa. Horo yana nan ba tare da duka ba: a sa yaro ya gyara abin da ya ɓata, a hana shi wani abin da yake so na ɗan lokaci, a kira iyayensa, a kuma yaba masa ran da ya yi daidai.

Na biyar, baƙon yaro da ya zo daga yankin rikici ko ambaliya a zaunar da shi kusa da wanda ke jin harshensa, a nisanta shi da ƙofa ko tagar da ke kallon titi. Kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani. Idan ya natsu zai faɗa da kansa.

Na shida, randar ruwan sha a kowane aji, da inuwar darbejiya, da lokacin wasa da ba a cinye shi da horo. Ƙwallo da waƙa da tatsuniya suna sauke wa yaro nauyi fiye da yadda muke zato.

Na bakwai, ɗalibar da ta samu ciki kada a rufe mata ƙofa. A 2022 ministar ilimin sakandare, Nalova Lyonga, ta ba da umarni cewa irin wannan ɗaliba ta ci gaba da karatu, ta kuma dawo bayan haihuwa. Lokacin da kowa ya juya mata baya shi ne lokacin da rayuwarta ta fi shiga haɗari.

Abin da gida zai iya

Mun taso cikin kunya da fulako. Uba ba ya zama hira da ɗansa, uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari. Ban ce a zubar da wannan tarbiyya ba, domin magabatanmu da suka kafa ta sun bar ƙofa a gefenta: kaka mai wasa da jika, goggo, kawu, inna. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, takan faɗa wa kakarta ana cikin tsokana. Zaman birni da neman abinci sun raba yara da waɗannan mutane, ya kamata mu mayar da su.

A ƙasar Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya ga cewa likitoci irinsa ba za su taɓa wadatar da jama'a ba. Wajen shekarar 2006 ya fara koya wa tsofaffin mata a birnin Harare yadda za su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da kakannin nan sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A harshensu, ciwon da suke magancewa sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Mu ma muna da kakanni, muna da tabarma.

Idan za ku yi magana da yaro, ku zaɓi lokacin da hannu ke aiki, kamar ana tsintar wake ko ana tafiya gona, domin yaro ya fi sakin jiki idan ba a zuba masa ido ba. Ku fara da abin da kuka gani: "Na lura kwanan nan ba ka cin abinci sosai, me ke faruwa?" Sa'an nan ku yi shiru ku jira. Kada ku tari numfashinsa da nasiha. Kada ku ce masa namiji ba ya kuka, ko kuma me ya rasa da zai yi damuwa. Idan ya ambaci wani babba da ke taɓa shi ko yake tsoratar da shi, ku gaskata shi, ku raba shi da mutumin a ranar, ku zo mana da shi.

Ranar da takardar sakamako ta zo da maki mara kyau, ku bari fushi ya huce kafin ku yi magana, kuma kada ku gwada shi da ɗan maƙwabci. Ku kiyaye masa barcinsa: matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10, ƙaramin ɗalibi ma fiye da haka. Talla ta ƙare kafin magariba, a karɓi waya idan an zo kwanciya. Ko koko ne ko ɗumame, ya sa wani abu a cikinsa kafin ya fita.

Abin da kasuwa za ta iya

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa ganin yara. Idan kun ga mai kayan makaranta yana gararamba tsakanin rumfuna da ƙarfe goma na safe, ku kira shi da mutunci ku tambaye shi, ku sanar da iyayensa cikin sirri. Yaron shagonku da ke zuwa bayan an tashi makaranta amana ne. Ku sallame shi da wuri a lokacin jarrabawa. Shugabannin kasuwa su haɗa kai a kan cewa ba a sayar wa yaro tiramol ko sholisho a layinsu. Masu adashe su ware zubi ɗaya ya faɗo a watan Satumba saboda kuɗin makaranta. Limamai da malaman allo da fastoci kuma su riƙa faɗa wa jama'a cewa neman magani ga ciwon tunani ba raunin imani ba ne. Almajirin da ke nesa da uwarsa shi ma ɗalibi ne, duk abin da na faɗa ya shafe shi.

Lokacin da ba a jira

Idan yaro ya ce gara ya mutu, ko ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa, ko kun ga yanka a jikinsa, kada ku ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka masa tunanin a rai, sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka samu mai tambaya. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi asibiti a ranar. Mu yankin noman auduga ne, maganin ƙwari yana cikin gidaje da yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi. A kulle shi a wurin da babba kaɗai ke da makulli. Idan har an sha, kada a sa mutum amai, kada a ba shi madara ko manja, a ɗauko kwalbar a garzaya da shi asibiti.

Haka nan yaron da ke jin muryoyin da babu su, ko ya kwana biyu yana sambatu ba barci, ko zazzaɓi ya haɗu masa da ruɗewa ko sanƙarewar wuya. Kada a ɗaure shi da mari ko sarƙa. Ku fara da cibiyar lafiya ta unguwarku ko ma'aikacin lafiyar da ke zagaya gidajenku. Idan abin ya fi ƙarfinmu za mu tura ku asibitin gunduma ko Asibitin Yanki na Garwa. Idan magana ce ta cin zarafin yaro, akwai cibiyoyin jin daɗin jama'a na gwamnati. 'Yan'uwanmu na tsallake suna da manyan asibitoci a Yola, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Ku masu fatauci tsakanin ƙasashen biyu, ku riƙa tafiya da katin asibitin yaro da sunan maganinsa, domin maganin farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa ba a yanke su farat ɗaya.

Yaron nan da na ba ku labarinsa, da yardarsa na kira kawunsa na gaya masa. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Likita, na ɗauka idan ba a tayar da maganar ba zai manta." Ya mayar da shimfiɗar yaron ɗakin kakarsa, can cikin gida nesa da titi. Muka je makarantar tare, malamin ya ajiye masa bulala ya sauya masa wurin zama. Ni kuma yakan zo wurina duk mako mu yi hira. Bayan wata biyu ciwon kan ya tafi. Har yanzu yakan zabura idan babur ya yi ƙara, kuma har yanzu babu labarin mahaifinsa, amma yana barci, ya kuma zauna jarrabawar CEP tare da 'yan ajinsu.

Roƙona gare ku biyu ne. Yau da dare, kowa ya tuna yaro guda a gidansa ko shagonsa wanda halinsa ya canza, ya tambaye shi, ko ya sa kakarsa ko goggonsa ta tambaye shi. A taron APEE mai zuwa kuma, ku je da kanku, ku nemi a keɓe malaman da yara za su riƙa kai wa kukansu, a kuma daina korar yaro a gaban aji saboda kuɗi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwarku.